Koren Barbet: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mazauninsa, Halayensa da Halin da Yake Ciki

Koren barbet ba tsuntsun ƙasarmu ba ne. Na gabashi da kudancin Afirka ne, kuma ko a can ɗin ba kowa ya san shi ba, don ba ya fitowa fili, ba shi kuma da adon da zai sa mai wucewa ya tsaya kallo. Abin da ya sa masu nazarin tsuntsaye ba sa gajiya da zancensa shi ne yadda mazauninsa ya warwatse: kurmi ɗaya a nan, wani a can, tsakaninsu tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane irin tsuntsu ne?

Ɗan dangin barbet na Afirka ne, dangin da masana ke kira Lybiidae. Waɗannan tsuntsaye 'yan'uwan makwakkwafi ne, haka kuma suna da alaƙa da tukan, mai ƙaton bakin nan na Kudancin Amurka. A tsofaffin littattafai za ka ga sunansa na kimiyya Stactolaema olivacea, wasu sababbi kuma sun mayar da shi Cryptolybia olivacea. Duk tsuntsu ɗaya ake nufi. Wani Bature ɗan Ingila mai nazarin tsuntsaye, George Ernest Shelley, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1880, daga samfurin da aka samo a Rabai, kusa da Mombasa a Kenya.

Yaya kamanninsa suke?

Gajere ne kakkaura, tsawonsa bai wuce santimita 20 ba, wato bai kai kurciya ba. Kai babba, wuya gajere, baki baƙi mai kauri da 'yan gasu a gindinsa. Kada sunan ya ruɗe ka: korensa ba irin na aku ba ne mai ɗaukar ido. Kore ne da ya dusashe, ya karkata zuwa ruwan ƙasa, saman kai kuma ya fi sauran jiki duhu. Idan ya lafe a cikin ganye, sai ka yi ta kallon wurin ba ka gan shi ba. Namiji da mace kamarsu ɗaya.

Ƙafarsa ma abin lura ce. Yatsu biyu na kallon gaba, biyu na kallon baya, irin ta makwakkwafi, shi ya sa yake iya manne wa jikin kututture yana sara, ko ya rataya a ƙarshen siririn reshe yana tsinkar 'ya'yan itace.

A waɗanne ƙasashe ake samunsa?

Ƙasashe 5 ne: Kenya, Tanzaniya, Malawi, Mozambik da Afirka ta Kudu. Amma jera sunayen ƙasashe haka yana sa mutum ya ɗauka tsuntsun ya cika yankin, alhali ba haka ba ne. A taswirar masana, mazauninsa ɗigo-ɗigo ne.

A Kenya yana dazuzzukan bakin teku, musamman Arabuko-Sokoke da ke kusa da Malindi, da kuma tuddan Shimba a kudu da Mombasa. Tanzaniya ce ta fi kowa rabo: yana duwatsun Usambara, da Uluguru, da Udzungwa, da Mahenge, da tsaunukan kudu maso yamma wajen Rungwe, sannan da tudun Rondo a lardin Lindi can kudu maso gabas. A Malawi akwai shi a tuddan Misuku na arewa, an kuma san shi a dutsen Thyolo a kudu. A Mozambik yana dutsen Namuli da dutsen Mabu a lardin Zambeziya. Daga nan sai a yi tsalle na kusan kilomita 1,500 zuwa kudu ba a sake ganinsa ba, sai a kurmin Ongoye na lardin KwaZulu-Natal. A duk faɗin Afirka ta Kudu, wannan kurmi ɗaya tak shi ne gidansa.

Ba ya zaɓen tudu ko kwari. Ana samunsa daga gaɓar teku har kan tsaunuka masu tsayin wajen mita 2,000. Sharaɗinsa dai kurmi ne na gaske, mai dogayen bishiyoyi da ba sa zubar da ganye, mai damshi da yalwar 'ya'yan itace.

Duk waɗannan iri ɗaya ne?

Jinsi ɗaya ne a wurin yawancin masana, amma an kasa shi iri-iri gwargwadon wuri da kamanni. Na bakin tekun Kenya da Usambara shi ne olivacea. Na Udzungwa howelli, na Rungwe da Misuku rungweensis, na Thyolo da Namuli belcheri, wanda kansa ya fi na sauran baƙi. Na Ongoye kuma woodwardi, mai ɗan tabon ruwan ɗorawa a bayan ido.

Ga inda abin ya ɗaure wa masana kai. Irin da ya fi kama da na Ongoye ba maƙwabcinsa na Mozambik ba ne. Na tudun Rondo ne, hylophona, wanda ke da nisan fiye da kilomita 2,000 daga Ongoye, kuma shi ma yana da wannan tabo na ruwan ɗorawa. Saboda haka ne wasu masana suka ware na Ongoye a matsayin jinsi mai zaman kansa, wasu ma suka haɗa shi da na Rondo. Muhawarar ba ta aji kaɗai ba ce, za mu ga tasirinta idan muka zo kan batun kariya.

Me ya warwatsa su haka?

Bayanin da aka fi karɓa shi ne na sauyin yanayi tun zamanin da. Afirka ta sha shiga lokutan damshi da lokutan fari masu tsawon dubban shekaru. A lokacin damshi kurmi kan bazu ya haɗe, tsuntsayen kurmi su bi shi duk inda ya kai. Idan fari ya dawo, kamar yadda aka yi wajen shekaru 20,000 da suka wuce lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, sai kurmin ya janye ya tsaya a wuraren da ruwa bai yanke ba: kan duwatsun da ke tare iskar damshi daga Tekun Indiya, da wasu sassa na gaɓar teku. Tsuntsun da bai iya rayuwa a fili ba sai ya maƙale inda kurmin ya rage. Da tafiya ta yi tafiya, kowane rukuni ya ɗauki kamanninsa.

Wannan tsohuwar rabuwa ce, ba mutum ya yi ta ba. Aikin mutum shi ne ƙanƙantar da waɗannan 'yan wuraren da suka saura.

Yana ƙaura kamar shamuwa?

A'a. Mazaunin wuri ɗaya ne, ba a san shi da wata tafiya ta shekara-shekara ba. Iyakarsa ya zagaya cikin kurminsa yana bin bishiyar da ta nuna. Wannan hali shi ne babban rauninsa, domin idan kurmin ya ƙare ba shi da dabarar ƙetare gonaki da filaye ya nemi wani.

Akwai shi a ƙasar Hausa?

Babu shi a Najeriya ko Nijar, babu shi a duk Afirka ta Yamma. Amma danginsa suna nan tare da mu. Akwai barbet mai gemu, baƙi da ja, mai ƙaton baki da fatar ruwan ɗorawa kewaye da ido, wanda ke zuwa kan ɓaure idan ya nuna. Akwai barbet na Vieillot mai jan kai, wanda miji da mata ke rera wata doguwar busa tare. Akwai wani ɗan mitsitsi mai tabon ruwan ɗorawa a goshi, da ke wuni yana "tonk, tonk, tonk" a tsakar rana lokacin da sauran tsuntsaye suka yi shiru. Can arewa kuma wajen Sahel akwai mai ƙirjin ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo a fiffike, wanda shi a gaɓar ƙasa yake haƙa raminsa, ba a itace ba. Namu sun saba da daji mai sarari da rani mai tsawo. Koren barbet bai iya wannan ba.

Me yake ci?

'Ya'yan itace, kuma a cikinsu ɓaure ne kan gaba. Idan an ce ɓaure a nan ana nufin dangin gaba ɗaya, wanda a wajenmu ya haɗa da ceɗiya, durumi, gamji da kawuri, a kurmin can kuma akwai nasu ire-iren. Yakan ƙara da wasu ƙananan 'ya'yan itace, da ƙwari, musamman lokacin da yake ciyar da 'ya'ya.

Me ya sa ɓaure ya zama ginshiƙi? Duk wanda ya taɓa ɓare ɗan ɓaure ya ga 'yan ƙananan ƙwarin da ke cikinsa. Waɗannan ƙwari su ne ke yi wa bishiyar barbara: macen ta kutsa ta ɗan ƙaramin ramin da ke ƙasan ɗan ɓauren, ɗauke da garin fure daga wata bishiya, ta yi ƙwai a ciki. 'Ya'yanta in sun fito, kwana ɗaya ko biyu kawai suke da shi su sami wata bishiyar da ke shirye. Don haka itatuwan ɓaure ba sa haihuwa lokaci guda. Wannan ta nuna yau, waccan sai wata mai zuwa. Amfanin wannan ga tsuntsun da ba ya ƙaura a bayyane yake: ko a lokacin da sauran itatuwa ba su da komai, akwai wani ɓaure a wani lungu na kurmin da ke da abinci. Amma fa sai kurmin ya kai girman da zai ƙunshi itatuwan da yawa. Ƙaramin gutsuren kurmi mai ɓaure uku ko huɗu zai yi watanni ba ko ɗaya da ya nuna.

Shi ma yana biyan bashi. Ƙwayar da ya haɗiye tana fita a wani wuri, a can take tsira.

Yaya kukansa yake?

An ce gani ya kori ji, amma a kan wannan tsuntsu ji ne ke zuwa farko, sau da yawa ma a kansa ake tsayawa. Kukansa sauti ɗaya ne da yake maimaitawa da ƙarfi, "cok, cok, cok, cok", yana ratsa kurmi zuwa nesa. Wani lokaci ɗaya ya fara ɗayan ya amsa, miji da mata su haɗa baki. Masu ƙidayar tsuntsaye da kukan suke aiki, don shi ne ke nuna yana nan.

Ina yake sheƙa, yaya kuma yake renon 'ya'ya?

Ba ya saƙa sheƙa da ciyawa. Rami yake sarawa da bakinsa a jikin mataccen kututture ko busasshen reshe, ƙofa 'yar ƙarama zagayayya, sannan ramin ya gangara ƙasa. Bakinsa bai kai na makwakkwafi ƙarfi ba, don haka ɗanyen itace mai tauri ya fi ƙarfinsa. Sai wanda ya mutu ya fara laushi, amma bai ruɓe har ya faɗi ba. A ƙasan ramin macen ke zuba fararen ƙwai. 'Ya'yan suna fitowa tsirara, ido a rufe, iyaye biyu suna yi musu jigilar abinci. A Afirka ta Kudu lokacin haihuwarsa tsakiyar zafi ne da ruwan sama, wajen Nuwamba zuwa Janairu, daidai lokacin da mu muke fama da hunturu.

Ramin ba na haihuwa kaɗai ba ne. A ciki yake kwana, wani sa'in su da yawa a rami ɗaya. Idan ya tashi ya bar shi, wasu tsuntsaye da ƙananan dabbobi da ba su iya sara ba sukan gaje shi.

Yana da abokan gaba?

Macizai masu hawa bishiya da shaho na nan kamar yadda suke ga kowane ƙaramin tsuntsu. Wanda ya fi ban mamaki shi ne dangin tsuntsun nan da ke yi wa masu ɗibar zuma jagora. Tsuntsayen wannan dangi ba sa renon 'ya'yansu. Macen kan faki ido ta shiga ramin wani ta ajiye ƙwanta, kuma dangin barbet na cikin waɗanda suka fi shan wannan ta'asa. Ɗanta na fitowa da 'yar ƙugiya mai kaifi a ƙarshen baki, da ita yake kashe 'ya'yan masu gida tun idonsa bai buɗe ba, sannan masu gidan su yi ta ciyar da shi. Mugun abu ne a ido, amma sun daɗe tare a haka, ba shi ne ke ƙarar da barbet ba.

Shin yana cikin haɗarin ɓacewa?

A jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, yana rukunin ƙasa, na waɗanda ba a cika damuwa da su ba. Ƙungiyar BirdLife International ce ke yi mata wannan awo a kan tsuntsaye. Awon yana da ƙa'idoji: kafin a ce jinsi ya shiga haɗari, sai a ga misali yawansa ya ragu da kashi 30 cikin 100 a shekaru 10 ko a zuriya uku, ko faɗin yankinsa bai kai murabba'in kilomita 20,000 ba tare da wasu alamun lalacewa. Tsuntsun da ake samu daga Kenya har Afirka ta Kudu, wanda kuma yake da yawa a wurare irin su Arabuko-Sokoke da Usambara, bai faɗa cikin waɗannan ba.

Hukuncin daidai ne bisa ƙa'idarsa. Sai dai a ganina yana kwantar da hankali fiye da yadda ya kamata, domin a kan jinsin gaba ɗaya aka yanke shi. Yawan na Usambara ba ya amfanar na Thyolo da komai, tunda ba wanda zai tashi daga can ya zo ya cike gurbi. Kowane iri, tsaronsa daidai yake da tsaron kurminsa. Shi ya sa a jerin da Afirka ta Kudu ke yi na tsuntsayen yankinta aka sa shi cikin waɗanda ake fargaba a kansu, alhali a jerin duniya ba haka ba. A nan ne muhawarar da muka ambata ta zama mai nauyi: da an amince na Ongoye jinsi ne mai zaman kansa, da ya zama tsuntsun da duk duniya kurmi ɗaya ko biyu ya rage masa, kuma kuɗin kariya sun fi bin irin wannan suna.

Me ya sa ake yawan maganar Ongoye?

Saboda ƙanƙantarsa da abin da ya ƙunsa. Faɗin gandun wajen hekta 3,900 ne kawai, a kan wani tudun dutse da ke kallon Tekun Indiya, tafiyar wajen kilomita 150 arewa da birnin Durban, kuma ba dukansa ne kurmi ba, akwai filayen ciyawa da fakon dutse a ciki. Hukumar kula da namun daji ta lardin, Ezemvelo KZN Wildlife, ita ke riƙe da shi. Wasu 'yan'uwa biyu 'yan mishan masu sha'awar tsuntsaye, Robert da John Woodward, su suka samo tsuntsun a can, Shelley kuma ya bayyana shi a 1895.

A wannan shekara ta 1895 ɗin aka gano wani abu a Ongoye da ya kamata mai tunanin makomar barbet ya sani. John Medley Wood, shugaban lambun tsirrai na Durban, ya tarar da wata tsohuwar shuka mai kama da guntun dabino, gindi ɗaya tak, kuma namiji. Ba a taɓa samun macenta ba. A farkon ƙarni na 20 aka kwashe abin da ya rage zuwa lambuna, kuma duk wadda ke raye a yau daga jikin wancan gindin aka ɓalle ta. A kurmin akwai kuma wani jan kurege da ba a samun irinsa sai can.

Ina abin ya fi muni?

Kudancin Malawi. Dutsen Thyolo yana tsakiyar manyan gonakin shayi, a yanki mai cunkoson jama'a da ƙarancin filin noma. Talakawan da ba su da gona suka yi ta hawa dutsen suna sara suna shuka masara, har zuwa farkon shekarun 2000 kusan duk kurmin ya tafi. A Namuli, dutse na biyu mafi tsawo a Mozambik mai mita 2,419, noman dankalin Turawa ne ke cin kurmin daga sama, inda sanyi ya dace da shi. Irin belcheri yanzu ya fi dogara da Mabu, kurmi mai faɗin fiye da hekta 7,000 da masana kimiyya ba su lura da shi ba sai a 2005, ta hanyar hotunan Google Earth, kodayake mutanen wurin sun san abinsu tun kaka da kakanni.

A tudun Rondo an yi ta saran loko tun zamanin mulkin mallaka, aka kuma dasa itatuwan katako na waje a wasu sassan. Dashen katako kore ne daga nesa, amma ba ɓaure a cikinsa, ba kuma a barin matacciyar bishiya ta tsaya.

Tsintar busasshen itace ma tana da illa? Ai ba ɗanye aka sara ba.

Tambaya ce mai kyau, don kusan ko'ina a Afirka ana ganin mai tsintar busasshe bai yi laifin komai ba, dokokin gandun daji da yawa ma sun yarda da shi. Ga koren barbet kuwa, mataccen kututturen da ke tsaye shi ne ɗakin kwana da ɗakin haihuwa. Ana iya samun kurmi cike da ganye da 'ya'yan itace, amma an tsince shi tas, tsuntsun ya ƙoshi ya rasa inda zai yi ƙwai.

Wannan ba ya nufin a kori matar da ta zo neman abin da za ta dafa wa yara abinci. Dokar da ta hana ba tare da ta ba da madadi ba, a takarda take ƙarewa. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a bambanta ƙiraren da suka faɗi ƙasa da manyan kututturan da ke tsaye, a bar na biyun, a kuma taimaka da dashen itacen girki a gefen gari da murhu mai cin itace kaɗan.

Akwai wani abin da ake yi don kare shi?

Ba a kafa wani babban shiri don shi kaɗai ba, yana cin albarkacin kariyar da ake ba dazuzzukansa ne. Tanzaniya ta mayar da Udzungwa gandun ƙasa a 1992, ta kafa gandun Amani a gabashin Usambara a 1997. A Arabuko-Sokoke, kurmi mai faɗin wajen murabba'in kilomita 420, an fara wani shiri mai suna Kipepeo a 1993, inda manoman gefen kurmi ke kiwon malam-buɗe-littafi suna sayar wa gidajen baje kolin ƙasashen waje. Wanda abincinsa ke fitowa daga kurmi a tsaye ba ya son ganin an sare shi, kuma barbet na cikin masu cin ribar hakan ba tare da an ambaci sunansa ba.

Na ga hoton koren barbet daga Indiya. Shi ne wannan?

Ba shi ba ne. Asiya na da nata dangin barbet, Megalaimidae, kuma yawancinsu kore ne shar, wasu da ja da shuɗi a fuska. Akwai biyu a Indiya da tsofaffin littattafai ke kira babban koren barbet da ƙaramin koren barbet. Waɗannan suna shiga lambuna da tsakiyar birane, abin da na Afirka ba ya yi.

Wanda ke son ganinsa, ina ya dosa?

Mafi sauƙi Arabuko-Sokoke, don yana bakin hanyar Mombasa zuwa Malindi, kuma akwai 'yan jagora na wurin da suka san kukan kowane tsuntsu. Amani ma wuri ne mai kyau ga wanda ba ya tsoron hanyar dutse. Masu zuwa Ongoye kan sauka a garin Mtunzini ko Eshowe su shiga da sassafe, kuma idan an yi ruwa gara mota mai tsayin ƙafa. Ko'ina ne dai dabarar ɗaya ce: a tambayi ɗan jagora wane ɓaure ne ya nuna a makon, a je ƙarƙashinsa da tabaron hangen nesa tun kafin rana ta ɗaga. A guji yawan kunna masa kukansa da waya don a jawo shi, musamman a lokacin kwanci, domin yakan bar rami ya fito neman abokin faɗan da babu shi.